Ruwan da Ke Gwiwar Yaya

Wa ya lalata gwiwar Yaya, ni da na soka allurar, ko shi da ya miƙo ƙafar ya ce in soka? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban samu inda za ta zauna ba. Wani lokaci in raba laifin biyu in ba shi rabinsa, sai in tuna shi ne yake jan ƙafa, ni kuwa ina yawo da tawa lafiya lau.

Sana'armu shimfiɗa tayil. Yaya ne ya koya mini, kuma shekara goma sha tara ke nan muna tare, shi yana shimfiɗawa daga ƙuryar ɗaki, ni ina yanka ina bin gefe. Mai wannan aiki da gwiwa yake tafiya. Tun safe kana durƙushe a kan siminti, kana ja da baya kaɗan-kaɗan har ka fita ta ƙofa. Fatar gwiwarmu duk ta yi kanta. Shi ya sa kusan kowane mai tayil ya san abin da muke kira ƙwai, wani kumburi mai laushi da yake fitowa a kan ƙoƙon gwiwa, daidai inda ake durƙusawa. Ruwa ne a ciki. Bai cika ciwo ba, sai dai ya hana ka sakewa. A wurinmu ba a kai ƙwai asibiti. A sayo sirinji a kantin magani, a goge wurin da sifirit, abokin aiki ya zuƙe maka ruwan, a ɗaure da bandeji, gobe ka koma durƙuso. Haka muka tarar manyanmu suna yi.

A cikinmu ni ne mai zuƙar. Hannuna ba ya rawa, kuma ina da son karance-karance, duk takardar da ta faɗo hannuna sai na ga bayanta, har ta cikin kwalin magani. Shi ya sa suke kirana Likita. Yaya ne ya laƙaba mini da tsokana, sunan kuma ya bi ni.

Muna aikin wani gida mai hawa biyu abin ya faru. Yaya ya ɗauko kwali biyu na tayil a kafaɗa yana hawa matakala. Da ya zo kwana sai ya juya jikinsa, ƙafar kuwa ta maƙale a wasu ɓuraguzan siminti ba ta juya ba. Ina bayansa, na ji wani ɗan ƙas. Ya sauke kayan a hankali ya zauna.

Dogo, abokin aikinmu na uku, ya leƙo daga sama ya ce, "Tsufa ne ya yi sallama, maigida. Amsa masa."

"Ka ce masa ba na nan," in ji Yaya. Ya murza wurin, ya tashi, ya ƙarasa yinin a durƙushe.

Washegari da na biya masa mu tafi aiki, na same shi a falo ya ɗora ƙafar a kan tebur. Matarsa tana bayan gida tana wanki. Ya nuna mini wata leda da ido. Sirinji ne sabo da kwalbar sifirit.

Na durƙusa na duba. Tun kafin in taɓa na ga bambanci. Ƙwai a saman ƙoƙo yake zama, a dunƙule. Wannan kumburin kuwa ya kewaye ƙoƙon ne, ta sama da gefe da gefe. Na danna ƙoƙon da yatsa, ya nutse ya taso, kamar tayil ɗin da aka ɗora a kan kwaɓin da ruwa ya yi wa yawa.

"Yaya, wannan ba ƙwai ba ne."

"To ɗan tsako ne?"

"Ruwan a ciki yake, can ƙarƙashin ƙoƙon. Kuma jiya na ji ƙarar da ta yi. Mu je a duba."

"Ruwa dai ruwa ne. Masu gidan nan da muke yi ƙarshen mako za su tare, falonsu ko rabi bai kai ba. Zuƙe mu tafi."

"Ban taɓa zuƙar irin wannan ba."

"Yau kuma Likita ya koma ɗan koyo? In ba za ka iya ba miƙo mini, in yi da kaina."

Na san zai yi. Wannan ita ce hujjar da na fi riƙewa daga baya, cewa da ban yi ba da ya yi da kansa, kuma da ya fi ni ɓarna. Amma ban gwada ɗauke ledar in fita da ita ba. Na goge wurin, na soka a inda na saba, ba abin da ya fito. Na zare, na koma ta gefen ƙoƙon, na tura allurar har ta kusa ƙurewa. Sai ga ruwa rawaya da ɗan jini-jini. Sirinjin ƙarami ne, sai da na cika shi sau uku. Kowane karo in zare, in matse a kofi, in ajiye a bakin tebur in gyara zama, in sake sokawa da allurar nan dai.

Yaya ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta. "Ka gani? Da yanzu muna can a layi ana tambayarmu sunan kakanmu."

Na jefa sirinjin a kwandon shara muka fita. Kwana biyu ya yi yana aiki a cikin jiƙaƙƙen siminti.

A rana ta uku ruwan ya dawo, ya fi na da, gwiwar kuma ta ɗauki ɗumi. Da ƙyar ya yarda muka je ƙaramin asibitin unguwa. Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta tambayi yadda ya ji ciwon, ta kwantar da shi, ta lanƙwasa ƙafar tana juya tafin ciki da waje. Ta danna wani wuri a gefen gaɓar, Yaya ya zabura.

"Takan maƙale maka? Ka so miƙewa ta ƙi?"

"Takan yi gardama, kamar ƙanina."

Ta ce da alama guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ne ya yage lokacin da ya murɗe, shi ya tara ruwan. Sai ta ɗora bayan hannunta a kan gwiwar, ta ɗora a kan ɗayar, ta sake komawa.

"Ɗumin nan ne bai kwanta mini ba. Wani abu ya huda ta? Ƙusa, ko allura, ko tsaga?"

Gwiwar mai tayil duk tabo ce da ƙarzuwa, hudar allura ba ta fita a ciki. Yaya ya ce, "Ba abin da ya taɓa ta."

Ta dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon daɓen ɗakin. Har yau ina tuna cewa layin tayil ɗinsu ya karkace wajen ƙofa.

Ta auna zafin jikinsa, babu zazzaɓi. Ta ce ya huta, ya ɗaga ƙafar, ya riƙa sa ƙanƙara a tawul, ta rubuta maganin ciwo. Ta kuma ja mana kunne sau biyu: in zazzaɓi ya zo, ko wurin ya yi ja, ko ya kasa taka ƙafar, kada a jira gari ya waye sau biyu, a wuce babban asibiti.

A hanya na ce, "Me ya sa ka ɓoye?"

"Don ta zage ka a gabana? Ko ta kira maka hukuma? Kai dai ka je ka ƙarasa falon nan."

Na je na ƙarasa falon. Zazzaɓin ya zo washegari, Yaya ya riƙa danne shi da ƙwayoyin ciwon, bai gaya wa kowa ba. Sai a kwana na uku matarsa ta kira ni da tsakar rana. Na same shi a cikin bargo biyu haƙoransa suna haɗuwa. Gwiwar ta yi sumul tana sheƙi, ko zanin gado ya shafe ta sai ya yi nishi.

A babban asibiti likitan ƙashi ya zuƙi ruwan a gabana, bayan ya wanke wurin sau uku ya sa safar hannu. Abin da ya fito ba rawaya ba ne. Mugunya ce. Ya kira ni baranda ya ce in gaya masa gaskiya, na gaya masa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce abin da muke kira ƙwai wata 'yar jaka ce a waje, tsakanin fata da ƙoƙo, ita ma huda ta a gida ganganci ne. Gaɓar kuwa rufaffen ɗaki ce. In ƙwayoyin cuta suka shiga, a cikin 'yan kwanaki suke cinye guringuntsin da ke sa ƙashi ya zame a kan ƙashi, kuma wanda aka cinye ba ya tofowa.

"Da kun faɗa a ranar farko, da a ranar za a zuƙi ruwan a auna," in ji shi. Ya koma ciki.

Sau biyu aka shiga da Yaya tiyata ana wanke gaɓar. Ya yi mako uku a kwance ana sa masa magani ta jijiya. Cinyarsa ta zube har ta kusa zama kamar ƙwaurinsa. Wata rana da rana, matarsa ta tafi ɗauko 'yan matansu daga makaranta, na zauna a bakin gadon na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Me ka ci nawa?"

"Na san ba ƙwai ba ne."

"Ni ma ka gaya mini. Ka riƙe naka in riƙe nawa. Miƙo mini ruwan can."

Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma bar ni na tayar ba.

Cutar ta mutu, aka sallame shi da sanduna biyu, amma gwiwar ta sandare. Aka tura mu sashen gashin ƙashi. Matar da ke kula da shi a can gajera ce mai ƙarfin hannu, Yaya yana ce mata Malama. Tana da wani ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi. Ta ɗora shi a gefen gwiwar, ta lanƙwasa ƙafar har Yaya ya riƙe ƙarfen gado.

"Digiri arba'in," in ji ta. "Kana buƙatar casa'in kafin ka zauna a kujera kamar kowa."

"Casa'in ai kusurwar ɗaki ce. Wannan na sani. Durƙuso fa?"

"Durƙuso sai ka wuce ɗari da talatin."

Yaya ya saki ƙarfen gadon. Ta ce tabon da ke cikin gaɓar yanzu ɗanye ne, yana miƙuwa in an ja shi, amma kowane mako ƙara tauri yake yi.

"Siminti ke nan," in ji Yaya.

"To ka fahimta. A nan sau biyu a mako zan gan ka, wannan ba zai isa ba. A gida ake aikin, sau uku a yini, kuma ba za ka iya kai kaɗai ba, don jiki ba ya yarda ya cuci kansa. Sai an samu mai tura maka." Ta juyo gare ni. "Kai ne ƙaninsa? Zo ka kama in nuna maka."

Ta kwantar da shi ruf da ciki. Hannu ɗaya a bayan cinya, ɗaya a idon sawu. A tura dunduniya wajen baya har ya ce akwai ciwo, a tsaya a nan a ƙirga talatin, sannan a ƙara kaɗan. Ta ce ciwon ja daban ne da ciwon suka. Na ja a daure masa, na suka a saki nan take. In wurin ya yi zafi ko ya kumbura a kawo shi.

"Kama mana."

Na sa hannuwana a aljihu. "Ba zan taɓa ba."

"Ba wuya, kowa yana iyawa."

"Ki nuna wa matarsa. Ni ba zan ƙara taɓa ƙafar nan ba."

Ta dube ni, ta dubi Yaya. Fuskarsa tana cikin matashi, daga can ya ce, "Ƙyale shi, Malama. Likitanmu ya yi ritaya."

Aka nuna wa matar Yaya. Mace ce ƙarama, mai ɗinki, ƙafar mijinta ta kusa kai nauyin keken ɗinkinta. Kullum da la'asar in na taso daga aiki sai na biya. Ina zama a falo in ji su ta bayan labule. Takan fara ƙirga, ɗaya, biyu, uku, kafin ta kai goma ya yi nishi, sai ta saki.

"Wa ya ce ki saki?"

"Kai ka ji yadda ka yi kuwa?"

"To tura."

Ta sake turawa, cinyarsa ta ƙanƙame ta mayar da hannunta baya, ya daka mata tsawa ta bari. Ta bari. Shekara ashirin in ya ce bari tana bari, ba a wata guda za ta koyi ƙi ba. Dogo ya gwada sau ɗaya. Ya kama ƙafar yana ba'a, yana cewa yau zai rama duk aiken da aka yi masa. Da ya ga hawaye a idon Yaya sai bakinsa ya mutu. Yaya ya ce masa ya gode, kada ya ƙara wahalar da kansa. Ba zai yarda Dogo ya sake ganinsa haka ba.

Ni kuwa babu abin da ban yi a gidan nan ba. Na gyara famfon da ke ɗiga. Na kafa masa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Na ɗaga ƙafafun gadon da bulo don ya ji sauƙin tashi. Ni nake kai shi asibiti in dawo da shi, ya zauna a kujerar baya ya miƙe ƙafar a tsawon kujerar. Duk zuwa Malama ta auna ta faɗa da ƙarfi, tana kallona. Arba'in da biyar. Arba'in da takwas. Hamsin. Hamsin.

Abin da nake gaya wa kaina shi ne, hannun da ya yi ɓarna ba shi da hurumin komawa wurin. Na shiga aikin da ba nawa ba, to tubana shi ne in tsaya a nawa. Maganar tana da kyau a kunne. In na kwanta da ita nakan ji kamar mutumin kirki ne ni wanda ya gane kurensa. Amma akwai wata a ƙarƙashinta da ba na son dubawa. In matarsa ta tura gwiwar ta ƙi, ƙaddara ce. In ni na tura ta ƙi, ko wani abu ya ɓalle a ciki, to sau biyu ke nan. Yaya bai roƙe ni ba ko sau ɗaya, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin izini.

A mako na bakwai ya ce shi sai ya ga wurin aiki. Muna wani shago a lokacin, ɗaki ɗaya mai faɗi. Muka kifa masa bokiti ya zauna, ƙafar a miƙe gabansa kamar katako. Ya jima yana kallon aikin, sai ya nuna da sanda.

"Na ukun can daga bango, bai zauna ba."

"Ya zauna, maigida," in ji Dogo.

"Daga nan nake ganin bakinsa. Ba ni gudumar."

Kafin mu hana shi ya zame daga kan bokitin ya zauna a ƙasa. Ya ja jiki da hannuwa, ƙafar tana bin sa a gefe, har ya kai ga tayil ɗin. Ya buga gudumar roba sau biyu, ya shafa da tafin hannu. Da gaskiyarsa, bai zauna ba. Sai ya ɗauki cokalin gini ya so ya shimfiɗa na gaba. Daga zaune hannunsa bai kai ba. Ya karkata, ƙafar ta tokare kwaɓin ta ture layin da muka ja. Ya gwada ta ɗaya gefen. Ya ajiye cokalin a hankali.

Tashi kuma ya gagara. Ni da Dogo muka kama shi ta hammata muka ɗaga, wandonsa duk siminti. Dogo ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa.

"Ku gyara layin," in ji Yaya. "Likita, samo mini mota."

A mako na tara Malama ta auna sau biyu. Hamsin da biyu. Ta kira likitan ƙashi, ya zo da sabon hoton gwiwar ya ɗaga shi a haske. Ya nuna mana inda ya kamata a ga fili tsakanin ƙasusuwan biyu. Ta ciki filin ya kusa rufewa.

"Zan gaya maka gaskiya, don kai ba yaro ba ne," in ji shi. "Durƙuso ka cire shi daga ranka. Ko da ta lanƙwashe, abin da ya rage a ciki ba zai ɗauki wannan aikin ba."

Yaya ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin yashi.

"Abin da muke nema yanzu casa'in ne, ko kusa da shi. Ka zauna a kujera, ka hau matakala, ka shiga mota kamar mutane. Muna iya sa maka barci mu lanƙwasa ta da ƙarfi, amma in ba a ci gaba a gida ba, mako biyu ta koma yadda take. Kuma lokacin ya kusa ƙurewa. Wa yake tura maka?"

"Ana ƙoƙari," in ji Yaya.

Muka shiga mota har muka kusa gida. Ya ce in ɗauki injin yankan tayil ɗinsa da ma'auninsa, sun fi nawa kyau, kada su yi tsatsa. Na ce a bar su tukuna. Ya ce, "A bar wa wa?"

Da muka isa ya shige ɗaki. Na zagaya bayan gida, matar Yaya tana shanya. Na gaya mata abin da likita ya ce. Ba ta daina shanyar ba, sai da ta matse riga biyu ta rataye.

"Matar Yaya, ko za a samo wani mai ƙarfi a unguwa, ya riƙa zuwa?"

"Wani wa? Yayanka zai yi kuka a gaban wani?" Ta yarfe hannuwanta. "Likita, ni na kwashe shara ran nan."

Ban gane ba sai da ta dube ni.

"Na ga sirinjin, na ga kofin. Na ce ai sun saba. Da ya fara rawar sanyi na ce in faɗa, sai na ce bari in ga gobe. Kana tsammanin kai kaɗai ne kake kwana da abu a ciki?"

"Ban san kin sani ba."

"Ina za ka sani, kana can kana gyaran famfo. Ni kullum sau uku nake shiga ɗakin nan in sa shi kuka, kuma a banza, don ba ni da ƙarfin da zan kai inda ake so. Kai kana da shi ka zuba a aljihu." Ta ɗauki wani zani ta fara matsewa. "Da za ka huda shi ba ka ji tsoro ba. Sai yanzu."

"In na ƙara ɓata wani abu fa?"

"Me ya rage da za ka ɓata? Sana'ar ta tafi. Ni dai so nake ranar da za a zo neman auren 'yarsa ya zauna a kujera, ba a miƙe masa ƙafa a kan bokiti ba. Hannunka kake tsarewa, ƙanina, ba gwiwarsa ba."

Ta juya mini baya ta ci gaba da shanya.  Ina da amsoshi da yawa da na tanada tun makonni, na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda zan iya faɗa wa matar nan.

Na je famfo na wanke hannu da sabulu, na shiga ɗakin. Yaya yana kwance rigingine yana kallon silin, sandunan a jingine da bango.

"Juya ruf da ciki," na ce.

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, "Tura ƙofar. Matata ta ji kukan da ya ishe ta."

Na rufe ƙofar. Ya juya da ƙyar, ya jawo matashi ya rungume. Na ɗora hannun hagu a bayan cinyarsa, ƙashi ne kawai da fata. Na kama idon sawun da dama na ɗaga. Ƙafar ta taho da sauƙi har wani wuri, sai ta tsaya cak kamar ƙofar da ta ci karo da kabad.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Na ja ne ko na suka?"

"Na ja."

Na tsaya a nan na fara ƙirga. A bakwai cinyar ta fara rawa tana ture ni, na danne ta. A goma sha biyu ya ce in bari. A goma sha biyar ya ce shi ne babba, in sake shi. Na sake tambayarsa ko suka ne, ya ce ba suka ba ne, amma in saki don Allah. Ban saki ba. Ya zage ni da sunayen da rabon da in ji su tun muna yara, mai kunnen jemage, mai kan gwangwani, sannan ya cusa fuskarsa a matashin, sai kafaɗunsa kawai nake gani suna motsi.

Da na kai talatin na ƙara turawa kaɗan, yadda Malama ta nuna. Abin da ƙafar ta ba ni bai kai faɗin layin da ke tsakanin tayil biyu ba, wataƙila ma ban samu komai ba, raina ne ya so. Na sauke ta a hankali. Na taɓa gwiwar da bayan hannu, babu zafi. Zufa ta jiƙa zanin gadon, ni ma rigata ta manne a baya.

Yaya ya juyo da fuskarsa gefe yana haki. Idonsa ja.

"Sau nawa Malama ta ce?"

"Sau biyar a kowane zama."

Ya rufe ido. Na bar shi ya numfasa, na goge tafin hannuna a wando, na sake kama idon sawun.